Yaya Iliya Ya Tafi Ya Bar Ni da Tuban Dauda

Shekara biyar ke nan cif da muka binne yayana Iliya a maƙabartar Kirista da ke bayan garin Ƙaura Namoda. Na san yadda ake irin wannan rubutu. Mutum ya cika shafi da yabo, ya ce mamaci ba shi da abokin faɗa, ya rufe da addu'a. Ni ba zan iya ba. Yaya Iliya yana da abokiyar faɗa, ni ce, kuma ya rasu ba mu gama ba.

Mu 'ya'yan ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Aikin reluwe ya kawo mahaifinmu Ƙaura tun ba a haife mu ba, jirgi ya yi ta ja da baya har ya zama labari, mu kuwa muka zauna, don ba mu san wani gari ba. Yaya bai yi nisa a boko ba. Gyaran injin niƙa ya koya, kuma daga Sakajiki har Birnin Tsaba da wuya ka sami ƙauyen da matansa ba su san ƙarar babur ɗinsa ba. A cocinmu dattijo ne. Ƙaramar majami'a ce, idan mutum ɗaya bai zo sujada ba kowa ya san wane ne. Wa'azinsa ba shi da daɗin ji, yana maimaita magana, yana manta inda ya tsaya. Amma duk inda ya fara, wuri ɗaya yake ƙarewa: Allah yana ƙaunar mai zunubi tun yana cikin zunubinsa, kuma ranar da ya juyo ba a tsayar da shi a ƙofa. Na sha jin wannan tun ina yarinya, na sha cewa amin. Ban san wata rana za a nemi amin ɗin a wuyana ba.

Mijina, Baban Rahila, kemis gare shi. Duk ranar kasuwar Shinkafi yakan ɗauki kwalayen magani ya kai wa masu ƙananan shaguna a can. Shekara tara da suka wuce, da hantsi, 'yan bindiga suka tare motar da ya shiga kafin su isa. Direban, Malam Garba, mutumin Zurmi, ya yi ƙoƙarin juyawa, sai suka buɗe wuta. Shi da mijina nan take suka cika. Sauran fasinjoji suka watsu cikin gero. Da aka je ɗauko gawa, aka tarar buhunan hatsi suna nan yadda aka ɗora su, kwalayen magani kawai aka kwashe. Tun a wurin zaman makoki na ji ana raɗa cewa wani ne ya nuna motar.

Shekara biyu muna zargin kowa. Na zargi yaran tasha, na zargi abokan cinikinsa, na zargi mutanen da ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ko sau ɗaya Dauda bai faɗo mini a rai ba. Dauda ɗan kabu-kabu ne, a cocinmu ya girma, ni na koya masa waƙoƙi a makarantar Lahadi. Ranar da aka yi zaman makokin mijina, shi ya yi ta jigilar kujeru a babur.

Wata Lahadi, an gama wa'azi ana shirin waƙar rufewa, sai Dauda ya miƙe ya ce yana da magana. Fasto ya ɗauka shaida zai bayar. Ya fito gaba, bai kalli kowa ba. Ya ce ya daɗe yana kai wa mutanen daji fetur da burodi. Ya ce wata rana suka tambaye shi wa ke ɗaukar magani a wannan hanya, suna da waɗanda suka ji rauni. Ya gaya musu launin motar da lokacin da take tashi daga tasha.

"Sun ce mini magani kaɗai za su ɗauka," in ji shi. "Shekara biyu ban yi barcin kirki ba. Ku yi yadda kunka ga dama da ni."

Ina zaune cikin matan zumunta, ƙungiyar matan cocinmu, ya faɗi wannan magana. Samari suka fara miƙewa daga baya. Kafin na farko ya iso, Yaya Iliya ya riga ya tashi daga kujerar dattawa, ya kama hannun Dauda, ya shigar da shi ɗakin fasto, ya rufe ƙofa, ya tsaya a bakinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce duk wanda ke son Dauda sai ya fara da shi. Na kalli yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana tare ƙofa saboda wanda ya mayar da ni gwauruwa, ni kuwa ko inda nake bai duba ba.

Bayan kwana uku na ji cewa Dauda a zauren Yaya yake kwana, daga tukunyar matar Yaya ake zuba masa tuwo. Na yafa gyale na sami Yaya a rumfarsa da tsakar rana, hannunsa duk baƙin mai, ya buɗe cikin wani inji.

Na ce, "Yaya, mijin ƙanwarka anka kashe, ko ka manta?"

Ya ce, "Ni na wanke shi, Saratu. Ban manta ba."

"To mi Dauda ke yi gidanka?"

"In na kore shi, ina za shi? Wuri guda ya rage mishi, daji. Shi ko daga can ya gudo."

Na ce masa Dauda ya koma can ɗin, su kashe shi, ni ba abin da ya dame ni. Ya ajiye sifana, ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce shi bai ce in yafe yau ba, bai ce in yafe gobe ba, wannan tsakanina da Allah ne. Amma kada in nemi ya faɗa wa yaron nan cewa Almasihu ya mutu saboda kowa ban da shi, don bakinsa ba zai iya ba.

Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma tuba ba baƙuwar kalma ba ce a wurinku. A tamu koyarwar akwai misalin makiyayi da ya bar garkensa ya shiga daji neman tunkiya ɗaya da ta ɓace, da ya same ta ya saɓo ta a kafaɗa yana murna. Yaya ya fi son wannan misali da kowane. A rumfar nan na jefa masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce su tumakin da aka bari fa, waɗanda ba su je ko'ina ba, wa ya tambaye su yadda suka ji? Ya dube ni ya ce, "Ke cikin waɗanda anka bari kike ganin kanki. Ni ban taɓa ganin kaina nan ba." Na juya na tafi. Wata takwas ban taka gidansa ba. Kirsimeti ta zo, na aika wa maƙwabtana Musulmi abinci kamar kullum, ban aika gidan Yaya ba.

Adalci ne in faɗi abin da ya biyo baya, ko da yake a lokacin bai sanyaya mini rai ba. Yaya bai ɓoye Dauda ba. Da farko ya goya shi a babur har Zurmi, gidan marigayi Malam Garba, ya sa shi ya maimaita a gaban dangin direban duk abin da ya faɗa a coci. Mutane sun ce masa haɗari ne, za a iya kashe su duka biyu. An ba ni labari cewa wan Malam Garba, wani tsoho mai sayar da goro, ya saurara har ƙarshe, ya ce hakkin da ke tsakanin Dauda da Allah ya nemi gafara a can, na marayu kuwa sai hukuma. Yaya ya ce shi ma abin da ya zo faɗa ke nan. Washegari ya kai Dauda ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Aka yi shari'a, aka ɗaure shi.

Daga nan Yaya ya sha suka ta kowane gefe. Wasu a coci suka ce ya tona mana asiri, mu da muke 'yan tsiraru a gari, yanzu za a ce Kirista ma suna cikin masu kai rahoto daji. Wasu suka ce wace irin gafara ce wannan, ka rungumi mutum yau gobe ka kai shi gidan yari. Ni kuma ina gefe ina cewa ɗaurin ya yi kaɗan. Bai kula kowa ba. Duk wata sai ya rufe rumfa yini guda, ya ƙulla sabulu da garin kwaki da ƙuliƙuli, ya hau mota ya je ziyarar Dauda a gidan yari, a kan hanyar da mutane ke tsoron bi. Ya yi haka shekara biyu, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

Kwanakin nan kusan kullum sai wani ya turo mini bidiyo a waya. Mutane zaune a kan tabarmi ƙarƙashin bishiya, bindigogi a kafaɗa, manya sun zo da motoci, ana gaisawa, ana ce musu tubabbu. Na kalli irin waɗannan da yawa. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci sunan mutum ɗaya da ya kashe ba. Ban ji an ce wani ya taka gidan wata gwauruwa ba. Ana watsewa kowa ya hau babur ya koma inda ya fito, da bindigarsa. Kaka ta yi, a ji ƙauyukan gefen Zurmi sun sake tashi, mata da yara sun cika makarantun firamare a cikin gari. Sai na riƙa tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa ba a rufe wa mai tuba ƙofa, shin zai tafa? Na san ba zai tafa ba. Zai tambaya, kamar yadda ya tambayi Dauda a zaurensa, wa ka cuta, ina gidansu, yaushe za mu je. A wurinsa mai tuba shi ne wanda ya ajiye komai ya ce ku yi yadda kuka ga dama da ni. Wanda ya zo da sharuɗɗa ciniki ya zo yi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, sai yanzu da na ga na jabu na gane cewa abin da aka yi a gabana ran Lahadin nan na gaske ne. Da na fi son ya zama ƙarya. Da ya fi mini sauƙi.

Na je ganin Yaya a asibiti kwana huɗu kafin ya cika. La'asar ce, ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ta dushe. Tun daga gida na shirya amsata, don na tabbata zai roƙe ni in yafe wa Dauda, ya ɗaure ni da wasiyya. Bai roƙa ba. Ya tambayi jarrabawar Rahila. Ya ce a mayar wa wata mata ta Sakajiki injinta, ya gyaru, yana rumfa. Sai can ya ce, "Saratu, na yi kuskure guda. Ran nan da na rufe ƙofa, wurinki ya kamata in taho in zauna, ko ban ce komi ba. Na tsaya ga wanda ya ɓace, na manta ke ma an yanke ki. Ki gafarce ni." Na zo da faɗa, ya ba ni haƙuri. Na rasa abin cewa, na gyara masa filo, na ce ya huta zan dawo. Da na dawo ya daina gane mutane. Har yau wannan shirun nawa yana damuna fiye da duk baƙar maganar da na faɗa masa.

Bara aka sako Dauda. Ya rame, yana tari, haƙoransa biyu sun fita. Ba mai ba shi babur, don haka dako yake yi a kasuwar hatsi. Lahadin farko ya shigo coci ya zauna a bencin ƙarshe, mutanen da ke kai suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka koma gaba. Haka ake yi har watanni. Muna rera waƙoƙin alherin Allah ga ɓatattu, murya har titi, mutum guda yana zaune shi kaɗai a benci mai cin mutum takwas. Ban ji tausayinsa ba, kada in yi ƙarya. Amma na ji kunya. Waɗanda suka fi kowa matsawa ba su rasa kowa a hanyar Shinkafi ba.

Ana saura mako biyu Ista, bikin tuna tashin Almasihu daga matattu, fasto da dattawa biyu suka yi sallama a gidana da safe. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka yi ta kewaye-kewaye. A ƙarshe fasto ya ce Dauda ya nemi a mayar da shi cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kai don tuna mutuwar Almasihu. Ya ce sun zauna sau uku ba su cim ma matsaya ba, shi ya sa suka ga ya dace su ji ta bakina.

"Maman Rahila, sai abin da kinka ce," in ji ɗaya dattijon. "In kin ce a'a, magana ta ƙare."

Ban taɓa jin haushin mutanen coci kamar ranar ba. Maza uku masu furfura, masu wa'azi duk mako, sun kasa faɗin abin da suka ce sun gaskata, sun ɗauko kayan sun kawo wa gwauruwa. Idan na ce a'a, su ce don ni suka hana. Idan na ce i, su ce ai ita ma ta yarda. Da Yaya yana nan ba za a zo gidana da wannan ba. Da tuni ya miƙe a taron dattawa ya faɗi tasa, an zage shi, an wuce wurin, ni kuma an bar ni in ci gaba da fushina cikin kwanciyar hankali. Sai a lokacin na ga abin da ya yi ta ɗauke mini.

Na ce musu ni ban gama yafewa ba, ban kuma san ranar da zan gama ba. Na ce amma teburin nan ba na Baban Rahila ba ne, ba nawa ba ne, ba ni na gayyaci kowa ba. Mai teburin ya riga ya faɗi irin mutanen da yake kira, su je su duba, sun fi ni sanin wurin. Na ce kada su sake zuwa su tambaye ni abin da ba ni da ikon hanawa. Fasto ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, na raka su ƙofa, na dawo na zauna cike da takaici, domin na ji muryar Yaya ce ta fito daga bakina.

Ran Ista aka zagayo da faranti har bencin ƙarshe. Ban waiwaya ba. Rahila ce ta gaya mini cewa mai rabon ya miƙa wa Dauda gurasa da ƙoƙon, ya karɓa. Bayan an tashi ya tsaya nesa da ƙofa, ya jira mutane suka ragu, ya durƙusa ya ce, "Mama, ina wuni." Shekara da shekaru ban ji muryarsa kusa haka ba. Na ce, "Lahiya." Na wuce.

Yaya bai bar gida na kirki ba, rumfarsa ma wani mai faci ne a ciki yanzu. Matan ƙauye sun sami wani mai gyaran inji. A coci an daina ambatonsa sai ranar tunawa da waɗanda suka riga mu. Abin da ya bari yana wurin mutum biyu da ba sa iya haɗa ido. Ɗaya yana raye, bai koma daji ba, yana ɗaukar buhu yana cin guminsa. Ɗayar kuma tana so ta tsani mutum ta huta, an hana ta. Ban ce Yaya ya yi daidai a komai ba, shi da kansa ya faɗi inda ya kuskure. Ban kuma daina ganin cewa wannan ƙauna ta Allah tana da nauyi a kan wanda aka cuta fiye da yadda masu wa'azi ke faɗa ba. Suna faɗinta kamar ruwan sanyi. Ni da na ɗanɗana, ta fi kama da maganin da ake toshe hanci a haɗiye.

Makon jiya Rahila ta tambaye ni ko na yafe wa Dauda. Na ce mata ina amsa gaisuwarsa. Ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan.

Yaya, shekara biyar, iyakar inda na kai ke nan. Gafarar da ka nema a asibiti kuwa, tun ranar na ba ka, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Allah ya ba ka hutawa.